Haɗa kifayen ado a ƙaramin tankin gilashi a Jos: tambayoyi da amsoshi

Masu ajiye kifin ado a falo suna ƙaruwa a Jos, daga Rayfield har Anguwar Rogo, kuma kusan kowa da kuka ɗaya yake zuwa: ya sayo kifaye masu kyau, ya zuba su wuri guda, kafin mako biyu wasu sun mutu, wasu an cinye musu jela, wasu sun ɓace ba a ga ko gawarsu ba. Galibi ba rashin sa'a ba ne. An haɗa waɗanda ba sa iya zama tare, ko an sa su a ruwan da bai karɓe su ba. Ga tambayoyin da aka fi yi mini, da amsar da nake bayarwa.

Me ake nufi da kifayen da suka dace da juna? Ba duk a ruwa suke rayuwa ba?

Duk a ruwa suke, amma ruwa iri-iri ne. Kifin da ya fito daga ƙoramun dajin Amazon ya saba da ruwa mai ɗumi, marar yawan ma'adinai, mai duhun ganyaye. Wanda ya fito daga tafkin Malawi ya saba da ruwa mai yawan ma'adinai da duwatsu. Wanda ya fito daga ƙoramun kan dutse a Sin ya fi son sanyi. In ka tara su a tanki ɗaya, ko yaya ka daidaita ruwan akwai wanda zai cutu.

Don haka abin da za a fara dubawa shi ne zafin ruwa da irin ruwan. Bayan nan sai baki: duk kifin da wani zai iya shiga bakinsa, to wata rana zai shiga, komai sanyin halin babban. Sai hali, domin akwai masu cizon jela, akwai masu kama yanki su hana kowa wucewa, akwai matsorata da ba sa fitowa cin abinci idan ana hayaniya. Akwai kuma wurin zama a cikin tankin. Wasu sama suke yawo, wasu tsakiya, wasu ƙasa suke kiwo. Idan kowa yana da nasa hawa, rigima tana raguwa sosai.

Launi shi ne abu na ƙarshe da ya kamata a duba, kuma shi ne abin da mutane suka fi fara dubawa.

Tankin da ya kai yaya za a iya haɗa kifi iri-iri a ciki?

Auna tsawo da faɗi da zurfi da santimita, ka ninka su, ka raba da 1,000, sai ka sami lita. Tanki mai tsawon 60, faɗin 30, zurfin 30 yana cin lita 54. A ganina wannan shi ne mafi ƙanƙantar da za a haɗa iri biyu ko uku a ciki a zauna lafiya. Abin da bai kai haka ba, a bar shi ga iri ɗaya.

Kwalbar nan mai zagaye da ake sayarwa don ado ba wurin haɗa kifi ba ce. Bakinta ƙarami ne, iska ba ta shiga ruwan sosai, ba wurin sa filta (na'urar tace ruwa) ko hita (na'urar ɗumama ruwa), kuma ƙazanta tana taruwa cikin kwana ɗaya. Mutane suna ɗauka ƙaramin tanki ya fi sauƙi ga sabon shiga. Akasin haka ne: ruwa kaɗan ya fi saurin lalacewa, ya fi saurin hucewa, kuma kuskure kaɗan ke kashe duk abin da ke ciki. In kana da wuri da hali, tanki mai tsawon santimita 80 ko 90 zai fi ba ka kwanciyar hankali.

A tuna da nauyi. Kowace lita kilo ɗaya ce, ga yashi da duwatsu da gilashin kansa. Ƙaramin teburin falo ba zai ɗauka ba.

Malam, ai Najeriya ƙasar zafi ce. Dole ne sai na sayi hita?

A Jos, ga kifin ƙasashen zafi, dole ne. Garin yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga gaɓar teku, kuma kowa ya san daren Disamba da Janairu a nan. Yawancin kifayen da ake haɗawa suna son ruwa ya tsaya tsakanin digiri 24 da 26 a ma'aunin Salsiyos. A hunturu ruwan tanki a ɗakin da ba a ɗumama shi yana iya sauka ƙasa da 18 kafin asuba, da rana kuma ya ɗan hau. Wannan hawa da saukan ya fi sanyin kansa illa. Kifi ba ya ɗumama jikinsa, zafin ruwan shi ne zafin jikinsa. Idan ya sha sanyi sai ya daina cin abinci, ya naɗe fikafikansa, bayan kwana kaɗan ka ga ƙananan ɗigo farare a jikinsa kamar an barbaɗa masa gishiri. Cutar farin ɗigo ke nan, kuma a Jos lokacin sanyi ta fi kama kifi. Har a damina ma, a watan Agusta da rana ke kwana biyu ba ta fito ba, ruwa yakan yi sanyin da bai dace ba.

Hita mai kashe kanta idan ruwa ya kai zafin da aka sa mata ita ake so. Ga tanki mai lita 54 zuwa 60, mai wat 50 tana isa a ɗaki mai ɗumi, amma a Jos na fi ba da shawarar mai wat 75 ko 100. A haɗa da ma'aunin zafi na manna wa gilashi, domin lambar da ke jikin hita ba koyaushe take faɗin gaskiyar ruwan ba. Kada tanki ya zauna a bakin taga ko inda iskar ƙofa ke bugunsa, kuma a rufe shi da murfi.

Sai babbar matsalar: wuta. Idan an ɗauke wuta da daren sanyi, a lulluɓe tankin da bargo, a bar ɗan wurin iska. Farin kumfan da ake naɗe talabijin da firji da shi, idan aka manna shi a baya da gefuna da ƙarƙashin tanki, yana riƙe ɗumi sosai. Za a iya cika gora da ruwan ɗumi, a rufe ta gam, a sa ta ta yi yawo a saman ruwan. Kada a kuskura a tuttula ruwan zafi kai tsaye. Mai sola ko inbata ya sani cewa hita ta fi filta jan wuta nesa ba kusa ba, sai ya yi lissafinsa.

Wanda ya san wutar unguwarsu ba ta zama, ba shi da sola, to ya zaɓi kifi daidai da ɗakinsa. Akwai ɗan ƙaramin kifi mai jan wutsiya da aka fara samu a dutsen Baiyun kusa da birnin Guangzhou a Sin, sunansa na kimiyya Tanichthys albonubes, wanda ke jin daɗinsa a ruwa mai digiri 16 zuwa 22. Daniyo mai zane irin na jakin dawa, ɗan asalin Indiya da Bangaladash, shi ma yana jure sanyi fiye da sauran. Waɗannan biyun sun fi dacewa da gidan Jos marar hita fiye da duk wani mai ƙyalli da za a nuna maka.

Ni a Abuja nake, nan ma haka ne?

Naka kishiyar namu ne. A Maris da Afrilu ruwan tanki a ɗakin da ba na'urar sanyaya ɗaki yana iya haura digiri 30, kuma ruwa mai zafi ba ya riƙe iskar numfashi sosai. Za ka ga kifi sun taru a sama suna haki. A buɗe murfi a sa raga, a kunna fanka ta riƙa kaɗa saman ruwan, a ƙara famfon iska, a rage abinci. Niyon tetara (ƙaramin kifi mai shuɗin zane mai ƙyalli) da kifin dutsen Sin suna wahala a irin wannan zafin. Kifayen ado irin su gofi da moli da gurami da kadinal tetara sun fi jurewa. Hita kuwa ko a Abuja tana amfani a 'yan kwanakin hunturu.

To ka ba ni haɗin da zai yi a tanki mai lita 54 zuwa 60.

In akwai hita da filta, wanda na fi so shi ne: niyon tetara takwas zuwa goma a tsakiya, ƙananan koridoras (kifi mai gashin baki da ke kiwo a gindin tanki) shida a ƙasa, sai gurami ɗaya irin ƙaramin nan mai launin zuma a sama. Niyon ba ya wuce santimita 4, koridoras ba ruwansa da kowa, guramin zuma kuwa yana da kunya, ba ya neman faɗa. Wanda bai sami niyon mai lafiya ba ya sa rasbora mai baƙin tabo mai kusurwa uku a jikinsa, ɗan asalin Malesiya da Tailan da Sumatara. Ya fi niyon ƙwari, kuma sabon shiga ya fi samun sauƙinsa.

Game da koridoras akwai abin lura. Da gashin bakinsa yake tonon abinci, don haka yashi mai laushi yake so a ƙasa. Tsakuwa mai kaifi tana cinye masa gashin bakin, daga nan ciwo ya shiga. Kuma ba ragowar wasu zai dogara da ita ba, a saya masa abinci mai nutsewa, a jefa masa da yamma. Idan ka ga ya harbo sama ya haɗiyi iska ya koma, kada ka tsorata, haka halittarsa take.

Haɗi na biyu na masu son launi ne da sauƙi: gofi maza biyar ko shida da filati uku. Su ruwa mai ɗan ma'adinai suka fi so.

Na uku na gidan da ba hita: kifin dutsen Sin goma, shi kaɗai, da tsirrai masu yawa. Daniyo yana iya shiga, amma shi ɗan gudu ne, tanki mai tsawon santimita 60 ya yi masa kaɗan, sai 80 zuwa sama.

Za ka lura ban wuce iri uku ba. Tanki mai kifi iri biyu da yawansu ya fi mai iri takwas, kowane bibbiyu, kyau da lafiya.

Me ya sa sai na sayi shida ko goma? Biyu ba su isa ba?

Tetara da rasbora da daniyo da koridoras duk kifayen garke ne. A ruwansu na asali ɗaruruwa suke tafiya tare, yawan ne kariyarsu daga masu cinsu. Idan ka ware biyu, kullum a firgice suke: launinsu ya dushe, su laɓe bayan filta, cuta ta same su da wuri. Wasu kuma kaɗaici ne ke sa su cizon maƙwabta. Shida shi ne mafi ƙaranci, goma ya fi. Wanda kuɗinsa bai kai ya sayi iri uku da yawansu ba, ya sayi iri ɗaya ya cika garken, sauran su biyo baya.

Malam, yarana sun nace sai kifin zinariya, ga kuma gofi da muke da su. In haɗa?

Hajiya, kada ki haɗa. Kifin zinariya ɗan ruwan sanyi ne, dangin kifin da ake kira kaf ne, a Sin aka fara kiwonsa sama da shekara 1,000 da suka wuce. Ɗan ƙaramin da kika gani a shago zai kai santimita 15 zuwa 20, mai jela ɗaya ma ya wuce haka, kuma yana iya shekara goma ko fiye idan ya sami kulawa. Yana da ci, yana da yawan kashi, yana tumɓuke tsirrai, kuma da ya girma zai fara haɗiye 'ya'yan gofi. Ɗumin da gofi ke so ya yi masa yawa.

Abin daɗin shi ne yanayin Jos ya karɓi kifin zinariya ƙwarai, ba ya bukatar hita. In yaran sun matsa, a yi masa nasa wurin daban mai girma, lita 100 zuwa sama ga guda biyu masu jela biyu, da filta mai ƙarfi. Ko ƙaramin tafkin siminti a tsakar gida da inuwa, wanda aka tsare shi yadda ƙananan yara ba za su faɗa ba.

Beta fa, wannan mai jela kamar babbar riga?

Namijin beta ɗan faɗa ne, a Tailan an daɗe ana kiwonsa don faɗa kafin a koma kiwonsa don ado. Maza biyu a tanki ɗaya ba zance. Namiji da mace ma ba a barinsu tare sai don haihuwa. Ba a haɗa shi da gofi maza, domin dogon jelarsu mai launi tana sa ya ɗauke su abokan gaba. Ba a haɗa shi da gurami, dangi ne kuma wuri ɗaya suke so. Ba a haɗa shi da masu cizon jela, domin shi ba ya da sauri.

Wasu beta suna zama lafiya da koridoras ko rasbora, wasu ba sa yarda da kowa. Halin kowane daban, sai an gwada, kuma sai da wani wurin ajiya a shirye idan abin bai yiwu ba. Saboda yana iya shaƙar iska daga saman ruwa, masu sayarwa suna ajiye shi a kofi, mutane kuma suna ɗauka haka yake so. Ba haka ba ne. Ya fi kowa bukatar ɗumi, digiri 25 zuwa 27, kuma a kofi a hunturun Jos ba ya daɗewa. Lita 20 da hita da ƙaramar filta marar ƙarfin turi, shi kaɗai, ya ishe shi.

An ce in sayi kifi mai goge gilashi don ya riƙa tsabtace tanki.

Wanda aka fi sayarwa da wannan sunan shi ne fileko, baƙi mai baki kamar matsotsi. Yana ƙarami yana cin gansakuka. Amma yana kai santimita 30 zuwa 45, kuma kashin da yake yi ya fi dattin da yake cirewa. A tanki mai lita 60 ba shi da wuri. Akwai ɗan uwansa mai gashi a hanci da ke tsayawa a santimita 12 zuwa 15, shi ma lita 80 zuwa sama ya fi masa, kuma yana son guntun itace a cikin ruwan.

Babu kifin da zai kwashe maka kashin wani kifi. Tsabtar tanki aikinka ne: sauya kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan kowane mako, zuƙe dattin ƙasa da tiyo, goge gilashi da soso marar sabulu. Gansakuka idan ta yi yawa, hasken ne ya yi yawa ko abinci. A rage fitila zuwa awa bakwai ko takwas, a kawar da tankin daga hasken rana.

Waɗanne ne suke da kyau a shago amma in guje musu?

Enjel, mai faɗin jiki da dogayen fikafikai: tsayinsa daga sama zuwa ƙasa yana kai santimita 20, kuma a Amazon ƙananan kifaye irin niyon abincinsa ne. Oska yana kai santimita 30, yana cin duk abin da ya motsa. Taiga bab mai baƙaƙen zane huɗu gwanin cizon jela ne, gofi da beta ba sa tsira a hannunsa. Baƙin kifi mai jan wutsiya da ake kira shak yana kama ƙasan tanki duka ya hana kowa sakat. Bala shak mai launin azurfa yana wuce santimita 30 kuma garke yake so. Sikilid na tafkin Malawi, masu shuɗi da rawaya, ruwansu daban, faɗansu kuma ba na ƙaramin tanki ba ne.

Duk waɗannan ana kawo su suna 'yan ƙanana, daidai girman sauran. Kafin ka biya kuɗi, ka nemi sunan kifin, ka duba a intanet iyakar girmansa. Kada ka yarda da maganar cewa kifi yana girma daidai da tankinsa. Wanda aka matse tsumburewa yake yi, kuma ba ya kai kwanakinsa.

Ba mu da namu na gida ne? Ko in kamo 'ya'yan karfasa a dam?

Muna da su, kuma masu kiwon kifin ado a Turai da Amurka da Japan sun san su fiye da mu. Kiribensis, mai jan ciki, daga kudancin Najeriya da Kamaru ya fito. Fundulopanchax gardneri, ɗan ƙaramin kifi mai shuɗi da jajayen ɗigo, ɗan ƙoramun Najeriya da Kamaru ne, har masu kiwonsa a waje suna bambanta irinsa da sunayen inda aka kamo shi, irin su Makurɗi da tsaunin Jos. Akwai kifin malam buɗe littafi da ke shawagi a saman ruwa, akwai mai dogon haɓa kamar hannun giwa, akwai wani mai kama da maciji da sunansa na kimiyya ya samo asali daga Kalaba. Akwai kuma ƙaramin Poropanchax normani mai ido kamar fitila, wanda ke yankin Afirka ta Yamma har da Najeriya.

Ga ƙaramin tankin haɗaka, mai idon fitila ne ya fi dacewa: garke yake so, ba ya faɗa, ba ya wuce santimita 4. Gardneri ya fi kyau a nasa tankin, namiji ɗaya da mata biyu ko uku, da murfi mai kyau domin gwanin tsalle ne, kuma yana jure ruwa mai ɗan sanyi. Kiribensis yana da daɗin kallo, amma da zarar sun yi ƙwai, mata da miji za su kori kowa daga ƙasan tanki, koridoras ne zai fi shan wuya.

'Ya'yan karfasa da tarwaɗa da kurungu kuwa a bar su. Suna girma da sauri, tarwaɗa za ta cinye kowa cikin dare, kuma kifin da aka kamo daga dam ko tsofaffin ramukan haƙar kuza yakan zo da ƙwayoyin cuta a jikinsa. Haka kuma, don Allah, kifin waje da ka gaji da shi kada ka sake shi a rafi ko dam. Ka ba wani, ko ka mayar wa mai shago. Baƙon kifi idan ya yaɗu yana korar na gida.

Wane ruwa zan zuba? Famfo, rijiya, burtsatse ko ruwan leda?

Ruwan famfo yana da sinadarin kilorin da ke ƙona wa kifi wurin numfashi. A sa masa maganin cire kilorin da ake sayarwa tare da kayan kifi, ko a tara shi a buɗaɗɗen bokiti ya kwana ya yini. Maganin ya fi tabbas. Ruwan burtsatse ba shi da kilorin amma yana fitowa da ƙarancin iska, shi ma a bar shi ya kwana. Rijiyar da ke kusa da masai ko kwata ba ta yi ba. Ruwan sama zalla ba shi da ma'adinai ko kaɗan, sai an gauraya, kuma na farkon damina da ya wanke kwanon rufi a zubar da shi.

Ka san irin ruwanka kafin ka zaɓi kifi. Idan sabulu ba ya saurin kumfa, kuma tukunyar dafa ruwa tana yin farin ɓawo a ciki, ruwanka mai ma'adinai ne, gofi da filati da moli za su ji daɗinsa. Idan sabulu yana kumfa nan da nan, tetara da rasbora da gurami sun fi dacewa. Takardar gwajin pH (ma'aunin tsamin ruwa) da taurin ruwa (yawan ma'adinansa) tana ba da amsa cikin minti ɗaya. Zaɓen kifi daidai da ruwan gidanka ya fi sauƙi da aminci a kan zuba magunguna kullum don sauya ruwan.

A ware bokiti da tiyo na kifi kaɗai, waɗanda omo bai taɓa ba. Kuma a ranar da za a fesa maganin sauro a ɗaki, a rufe tankin ruf, a kashe famfon iska har warin ya fita. Maganin sauro yana kashe kifi da sauri.

Na haɗa tanki yau. In zuba su duka gobe?

A'a, wannan ne ya fi komai kashe kifin sabon shiga, sai a ɗora laifin a kan haɗi. Kifi yana fitar da amoniya, guba ce. Wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zama a sosan filta suna mayar da ita nitirait, ita ma guba, wasu kuma su mayar da nitirait ɗin ta zama nitiret, wadda ba ta da illa sosai kuma sauya ruwa ke rage ta. A sabon tanki waɗannan ƙwayoyin babu su, kuma kafin su yi yawa ana ɗaukar mako huɗu zuwa shida, a ruwa mai sanyi ma ya fi haka.

A kunna filta, a riƙa jefa ɗan abincin kifi kaɗan yana ruɓewa, a jira. In kana da abokin da tankinsa ya daɗe kuma kifinsa lafiya lau, ka roƙi guntun sosan filtarsa, zai rage maka jira sosai. Daga nan a sa garke ɗaya, bayan mako biyu a ƙara na biyu. Masu sanyin hali su fara shiga, mai son kama yanki irin gurami ya zo a ƙarshe. Niyon kuwa ya fi son tankin da ya riga ya zauna.

Sosan filta ba a wanke shi da ruwan famfo, a matse shi a cikin tsohon ruwan tanki. Idan wuta ta daɗe ba ta dawo ba, ƙwayoyin suna fara mutuwa saboda rashin iska. Ƙaramin famfon iska mai aiki da batir ko da abin cajin waya na tafi da gidanka yana ceton tanki, kuma a irin wannan ranar kada a ba kifi abinci.

A wurin saye, yaya zan gane mai lafiya?

Ka tsaya ka kalli tankin duka, ba wanda ya burge ka kaɗai ba. Idan akwai matacce a ciki, ko mai farin ɗigo, ko mai goga jikinsa a dutse, ko mai shafaffen ciki, ka bar tankin gaba ɗaya. Ka tambayi yaushe kayan suka iso. Yawancinsu daga Legas ake ɗauko su, sun sha doguwar tafiya a leda, gara su huta kwanaki a wurin mai sayarwa kafin ka ɗauka. A lokacin sanyi ka saya da rana, ka naɗe ledar da tawul har gida.

A gida ka sa ledar a rufe ta yi yawo a saman tanki minti 15 zuwa 20, sannan ka riƙa ƙara mata ruwan tankin kaɗan-kaɗan, ka kwashe kifin da raga, ruwan ledar kuma a zubar. Wanda ya riga yana da kifi masu lafiya ya ware baƙi a wani ƙaramin wuri mako biyu zuwa huɗu kafin ya haɗa.

Gofi sun haihu sun cika mini tanki.

Haka suke. Ba ƙwai suke yi ba, 'ya'ya suke haifa kusan kowane mako huɗu, kuma mace tana ajiye maniyyin namiji ta ci gaba da haihuwa watanni ko an raba su. Mai son kauce wa haka ya sayi maza zalla. Mai son haihuwa ya sa mata biyu ko uku ga kowane namiji don kada a takura wa mace ɗaya, ya kuma san tun farko wa zai ba 'ya'yan.

Yaya zan gane haɗin bai yi ba, kuma me zan yi?

Ɗan bin juna na daƙiƙa kaɗan lokacin cin abinci ba komai ba ne. Abin damuwa shi ne yagaggiyar jela, kifin da ya maƙale a kusurwar sama ko bayan hita ba ya fitowa, wanda ya rame alhali sauran suna ƙiba, ko garken da ke raguwa ɗaya bayan ɗaya da dare. Ka zauna nesa kaɗan da tankin ka yi shiru minti goma, da safe da kuma bayan an kashe fitila, za ka ga mai laifin.

Kafin ka hukunta kowa, ka duba zafin ruwa, ka sauya kashi ɗaya cikin uku, domin gurɓataccen ruwa yana kawo alamomi masu kama da waɗannan. Idan faɗa ne da gaske, a ƙara tsirrai da duwatsu da fasasshen kaskon ƙasa mai tsabta marar kaifi, yadda ba kowa ke ganin kowa ba, a sauya wa kayan ciki wuri don mai yanki ya rasa iyakarsa, a cika garken da bai cika ba. Idan bayan mako guda ba a ga sauyi ba, a fitar da mai faɗan, ba wanda ake zalunta ba, a ba shi nasa wurin ko a mayar da shi shago. Wanda aka ji wa rauni ruwa mai tsabta da ɗumi yake bukata, jelar da aka yaga tana sake tsirowa cikin 'yan makonni idan ciwo bai shiga ba. Gishiri yana taimaka wa gofi da moli, amma koridoras da tsirrai ba sa jure shi da yawa, don haka a yi jinyar a wani mazubi daban.